Tayi Ba Ya Cin Kuɗi: Hattara da Gwanjon Cikin Waya

Ina gaishe da masu saurarenmu na Kangire da Birnin Kudu da Gwaram da Sara, da duk ƙauyukan da muryata take isa. Wadda take gaban kaskon suya, da wadda take ɗinkin hula, da wadda take lallashin yaro ya yi barci, kowa ta ci gaba da abin da take yi, aron kunne kawai nake nema.

Maganarmu ta yau wata baiwar Allah ce daga Kangire ta jawo ta. Ta aiko mini da saƙo ta hannun ƙaninta, ta kuma roƙi a sakaya sunanta, to mun sakaya. Sana'arta ƙuliƙuli da man gyaɗa, a cikin gida take yi, yara su kai mata talla. Ta ce ɗan kishiyarta ne ya nuna mata wani shafi a wayarsa inda ake gwanjon kaya sababbi fil, har ta gani da idonta an rubuta cewa an sayar da keken ɗinki a kan naira 3,000. Ita kuwa ta daɗe tana burin keke saboda 'yarta da take koyon ɗinki. Sai ta ɗebi naira 15,000 daga cikin ɗaukar adashinta, yaron ya tura, suka sayi abin da shafin ya kira "tayi". Dare biyu suna dannawa, kuɗi suka ƙare, keke ya tafi hannun wani. Tambayarta ita ce: tunda ta riga ta zuba 15,000, kuma sau biyu saura ƙiris ta samu, shin ta ƙara 10,000 ko Allah zai sa a dace? Ta ce har yanzu maigida bai sani ba.

'Yar'uwa, na ji tambayarki, kuma zan ba ki amsa. Amma ki yi haƙuri mu fara bin sawun kuɗinki mu ga inda suka shiga, domin na tabbata ba ke kaɗai ce kike cikin wannan hali ba.

Bari mu faro daga abin da kowace macen kulle ta sani, wato dillaliya. Ta shigo gida da ƙullin kaya, ta kwance, ga atamfa, ga kwalla, ga zannuwan gado. Ki ɗaga turmi ki taya, ta ce albarka. Kishiyarki ta ƙara, ta ce albarka. Ta fita ta shiga maƙwabta, can ma a taya. Daga ƙarshe wadda tayinta ya fi tsoka ita ake sallama wa, ta biya, dillaliya ta cire la'adarta ta kai wa mai kaya kuɗinta. To ke da kika taya ba ki samu ba, nawa kika yi asara? Ko sisi. Kuɗinki suna nan a bakin zanenki. Haka abin yake a kasuwar dabbobi ta Sara, mutum goma sai su taya sa guda, ɗaya ya saya, tara su karkaɗe riga su yi gaba. Tun kaka da kakanni, a ƙasar Hausa tayi ba ya cin kuɗi.

Yanzu ki ɗauka wata sabuwar dillaliya ta shigo miki da keken ɗinki, ta ce da ke: "Hajiya, wannan keke daga naira ɗaya zai fara. Amma ina da sharuɗɗa uku. Na farko, duk sanda kika buɗe baki kika taya, sai kin ba ni naira 100, kuma ba na mayarwa, ko kin samu ko ba ki samu ba. Na biyu, kowane tayi naira ɗaya tak yake ƙarawa a kan farashi, ba ki da ikon ƙara fiye da haka. Na uku, ina ƙirga sakan 20 daga tayin ƙarshe, in ba wadda ta tanka, na sallama. In wata ta tanka, sai in sake ƙirgawa daga farko." Don Allah wace ce a cikinmu za ta bari wannan mata ta zauna a kan tabarmarta? Ai sai a ce mata ta tattara ta fita tun kafin a saki kare. To wallahi wannan dillaliyar ce take zaune a cikin waya, sai dai an yi mata ado da hotuna masu ƙyalli da agogo mai ja. Turawa suna kiran abin da sunan da za mu iya fassara shi da "gwanjon kwabo", saboda kwabo-kwabo farashin yake hawa.

Ku ɗauko yatsunku mu yi lissafi tare, ba mai wuya ba ne. Misali kawai nake bayarwa. A ɗauka kuɗin keken a kasuwa naira 100,000 ne. A shafin an rubuta an sayar da shi naira 3,000. Tunda kowane tayi naira ɗaya yake ƙarawa, kafin farashi ya kai 3,000 sai da aka taya sau 3,000. Kowane tayi kuwa an biya masa naira 100. Ke nan 3,000 sau 100, naira 300,000 ta shiga aljihun mai shafin tun kafin keke ya motsa daga inda yake. Wadda ta ci ta ƙara biyan 3,000 ɗin nan, ya zama 303,000. Mai shafi ya cire 100,000 ya sayi keke ya aika mata, ya rage masa naira 203,000. Kin ga ya sayar da keke ɗaya a kan kuɗin keke uku, amma abin da ya rubuta da manyan baƙi don ki gani shi ne 3,000.

Ita kanta wadda ta ci ba a 3,000 ta samu ba. In ta taya sau 200 kafin ta dace, ta kashe 20,000 a tayi, ga 3,000, ga kuɗin kawowa. Duk da haka ita ta ci riba. Sauran naira 280,000 ɗin fa, daga ina suka fito? Daga hannun waɗanda suka taya suka tashi hannu rabbana. A cikinsu akwai 15,000 ɗin 'yar'uwarmu ta Kangire, tayi 150 ke nan in kowanne naira 100 ne. Ashe ita da ire-irenta ne suka haɗa kuɗi suka saya wa wata baƙuwa keke, suka kuma cika wa mai shafin aljihu. Hoton wadda ta ci za a liƙa a shafin tana murmushi, su kuwa ɗaruruwan da suka biya kuɗin ba mai nuna ko inuwarsu.

Sai agogo. Wannan agogon shi ne ƙugiyar. A gwanjo na gaskiya akwai lokacin tashi. A nan kuwa duk tayi sai ya mayar da agogo baya, don haka kullum gani kike saura sakan biyar, saura uku, saura biyu, gabanki yana dukan uku-uku, sai wani ya danna, a koma farko. Tayi 3,000 in kowanne ya ja sakan 20, ya haura awa 16. Shi ya sa 'yar'uwarmu ta ce sau biyu saura ƙiris. Ki sani, kowa da yake cikin gwanjon nan haka yake gani, saura ƙiris. Da gangan aka gina shi haka. Mai shafin ba ya son gwanjo ya ƙare, domin duk sakan da ya ƙaru kuɗi ne a wurinsa.

Akwai kuma abin da yake cikin zuciyar ɗan'adam, wanda masu wannan harka suka karance shi sarai. A 1971 wani malamin tattalin arziki a jami'ar Yale ta Amurka, mai suna Martin Shubik, ya bayyana wani wasa da ake gwanjon takardar dala ɗaya. Sharaɗin shi ne wanda ya fi tayi ya ɗauki dalar, amma wanda ya zo na biyu shi ma sai ya biya abin da ya taya, bai samu komai ba. Abin mamaki, mutane masu hankalinsu sai su yi ta ƙari har su taya dala ɗaya a kan fiye da dala ɗaya. Dalili kuwa, da zarar mutum ya ga in ya tsaya zai yi asarar abin da ya riga ya sa, sai ya daina lissafin riba, ya koma gudun asara da gudun kunya. Mun san wannan halin a gida. Mace ta sa mai da kayan ƙamshi a miya, ta ga miya ta yi tsami, maimakon ta haƙura sai ta ƙara nama wai kada man ya tafi a banza. Ga mai ya tafi, ga nama ya bi shi.

Wata dabarar tasu ita ce ba sa barin ki ga kuɗi a matsayin kuɗi. Sai kin fara sayen tayi a dunƙule, 50 ko 100 ko 500, su zama wasu 'yan lambobi ko tsabobin zinare na hoto a fuskar waya. Da a ce duk dannawa sai kin kwance bakin zane kin miƙa naira 100 da hannunki, kafin ki yi sau goma jikinki zai gaya miki. Amma danna hoto ba ya zafi. Sau da yawa kuma sukan ba sabon shiga 'yan tayi kyauta don ya ɗanɗana, kamar yadda ake watsa wa kaza tsaba a bakin akurki.

Duk wannan da na faɗa, a shafin da yake bin ƙa'idar da ya shimfiɗa ke nan. To ina ga wanda ba ya tsoron Allah? Ke kina cikin ɗakinki a Kangire, ba ki ganin waɗanda kuke takara da su, sunaye kawai kike gani suna gilmawa. Me zai hana mai shafin ya sa kwamfutarsa ta riƙa tayi da sunayen bogi duk sanda agogo ya kusa cika? An yi haka, ba zato ba ne. A 2010 hukumomin jihar Washington a Amurka sun sa an rufe wani shafi mai suna PennyBiddr bisa zargin yana amfani da tayin bogi don tsawaita gwanjo da hana mutane ci. In kwamfutar mai kaya ce ta ci, kaya ba su bar gidansa ba, kuɗin tayinku kuma sun zauna. Can ke nan inda hukuma take iya kamo mai shafi. Shafin da ba ki san ko a wace ƙasa yake ba fa, wa za ki kai ƙara?

Wannan harka ba yau ta fara ba. Shafin da ya yi suna da ita a duniya a Jamus aka kafa shi a 2005 da sunan Telebid, a 2008 ya koma Swoopo, ya bazu zuwa Ingila da Amurka da wasu ƙasashe. A Amurka ya sayar da tayi guda a kan sent 60 na dala. Har wani ɗan aike na kwamfuta ya tanadar wa mutane, wanda zai riƙa taya maka kana barci, wato kuɗinka suna zuba ko idonka a rufe. Jama'a da dama sun yi ta kukan cewa caca ce aka sa mata rigar ciniki. A watan Maris na 2011 kamfanin ya durƙushe. Amma dabarar ba ta mutu da shi ba, wasu suka ɗauka suka canza suna da launi.

Mu nan Nijeriya da wata kamar muka fi saninta, tun kafin waya mai intanet ta shigo ɗakunanmu. Wayar salula ta zo mana a 2001, ba a daɗe ba saƙonni suka fara shigowa: tura kaza zuwa lamba kaza ka ci mota, amsa tambaya ka ci miliyan. Kowane saƙo da kuɗinsa, kuma an ce wanda ya fi turawa ya fi kusa da ci. Akwai ma irin wanda ake cewa ki faɗi farashi mafi ƙanƙanta da ba wanda ya faɗi irinsa, ki ɗauki kaya a haka. Ki tura a ce wani ya riga ki, sake gwadawa, kowane gwaji a cire miki kati. Duk uwa ɗaya ta haife su da gwanjon kwabo: dubban mutane su biya kuɗin gwaji, mutum ɗaya ya ɗauka, mai shiri ya kwashe ragowar. A 2012 abin ya kai har jirgin sama wani kamfanin waya ya sa a matsayin kyautar gasa. A watan Nuwamba na wannan shekara hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta dakatar da garaɓasa da gasannin kamfanonin waya gaba ɗaya, ta ce sun cunkushe layuka har kira ba ya shiga yadda ya kamata. Daga baya an sassauta dakatarwar. Da yawa daga cikinmu mun tuna lokacin da za ki sa katin 200 da daddare, gari ya waye ki tarar da 50, ki rasa wanda ya ci. Sau da yawa irin waɗannan gasanni ne da wani yaro ya danna, suke yankar kuɗi kullum ba sallama.

Akwai mataki na gaba da nake so ku riƙe, domin shi ya fi cin jari. Wani lokaci ba tayi za a ce ki saya ba, cewa za a yi ki zuba kuɗi a kamfanin gwanjon a riƙa ba ki riba kullum, in kin kawo wasu a ƙara miki. A Amurka an yi wani mai suna ZeekRewards, wanda ya jingina da shafin gwanjon kwabo mai suna Zeekler. A watan Agusta na 2012 hukumar kula da hannun jari ta ƙasar ta rufe shi, ta ce damfara ce ta dala miliyan 600, kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi a ce riba ce. Mai kamfanin, Paul Burks, an yanke masa ɗaurin fiye da shekara 14 a 2017. Mu ma mun ga irinta. MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce 'yan Nijeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A watan Afrilu na 2025 kuma CBEX ta rufta da kuɗin jama'a. Duk wanda ya ce miki kuɗi za su haihu kina zaune ba saye ba sayarwa, ki tambaye shi wace ce ungozomar.

Ta fuskar addini, ni ba malama ba ce, kuma ina roƙon kowace ta kai wannan magana Islamiyya ta tambayi malamarta, ko ta sa maigida ya tambayi liman. Amma akwai abin da muka koya tun muna yara. Gwanjo na gaskiya, wanda malaman fiƙihu suke kira muzayada, mafi yawan malamai sun halatta shi. Abin da aka hana a ciniki shi ne garari, wato ki ba da kuɗinki a kan abin da ba ki san ko za ki samu ko ba za ki samu ba. An kuma hana najashi, wato mutum ya taya kaya ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi wani ya ƙara. Hanin ya zo a Bukhari da Muslim, kuma shi ne ainihin aikin tayin bogin da na ambata. Caca kuwa, Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91 sun haɗa ta da giya, sun kuma nuna cewa tana jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, tana shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Ki auna da kanki: jama'a sun zuba kuɗi, ɗaya ya kwashe, saura sun tashi a tutar babu, kuma ba wanda ya san wa zai ci. In an cire hoton keke da kalmar gwanjo, me ya rage? Sannan ki tambayi wadda ta kwana biyu tana gadin agogo, a wane lokaci ta yi sallar Asuba.

Kada kuma ki dogara da cewa an rubuta "gwamnati ta amince" a ƙasan shafi. Rubutu ba ya wuya. A 2005 aka yi dokar tarayya da ta kafa hukumar kula da harkar caca da gasanni, amma a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa wannan hurumin jihohi ne, dokar tarayyar Abuja kaɗai ta shafa. Jiharmu ta Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000. Don haka tambarin da aka manna a shafi ba zai dawo miki da ko kwabo ba.

Me ya sa nake jin tsoron abin nan a kanmu mata na cikin gida musamman? Saboda mu ba ma zuwa kasuwa mu ga farashi da idonmu, abin da aka kawo mana shi muke gani. Da yawanmu kuma saƙon Turanci sai an karanta mana, sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙi ba mai fassara mana su. Shi yaron da ya kawo miki wayar ba lallai mugunta ce ta sa shi ba, shi ma ruɗarsa aka yi, wani lokaci ma an yi masa alkawarin tayi kyauta in ya kawo wani. Ga shi kuɗinmu ba masu yawa ba ne, kuma kowace naira da aikinta: ta gyaɗar gobe, ta zubin adashi, ta kayan ɗakin yarinya, ta magani in dare ya yi yaro ya yi zazzaɓi. Naira 15,000 a wurin mai ƙuliƙuli guminta ne na makonni a gaban wuta. Abin da ya fi ciwo kuma shi ne ɓoyewa. Mace ta yi asara ta kasa faɗa, sai ta ci bashi don ta cike gurbi, ta taɓa kuɗin ajiyar wata, daga nan sai rigima ta shigo gida.

To ga abin da za ki yi. Duk wanda ya kawo miki wata harka a waya, ko ɗanki ne ko ƙawarki, ki yi masa tambaya ɗaya: "In ban samu kayan ba, kuɗina za su dawo?" In amsar ita ce a'a, magana ta ƙare, ki ce Allah Ya ba da sa'a. In ya ce ai an ga wadda ta samu, ki ce a nuna miki waɗanda ba su samu ba, su nawa ne. In kuma kin ga an rubuta farashin da hankali ba zai ɗauka ba, ki tuna ruwa ba ya tsami banza; wani ne ya biya cikon, kuma ana so ke ki zama wanin.

Ki kiyaye lambobin sirrinki. Lambar katin banki, da lambar nan da banki yake turowa ta saƙo, da BVN, kada ki karanta wa kowa su, kada kuma ki bari a sa katinki a shafin da ba ki sani ba, domin wasu suna ci gaba da cire kuɗi bayan an daina wasan. In kin lura katin wayarki yana ƙarewa ba ki yi kira ba, ki sa a danna miki *305# a ga ko akwai wani tsari da aka sa ki a ciki, a cire ki. Ki sa a rubuta STOP a tura zuwa 2442, wannan lamba ce da NCC ta tanada tun 2016 don toshe saƙonnin talla. In kin kai kuka ga kamfanin layinki bai share miki hawaye ba, akwai lambar NCC ta karɓar ƙorafi, 622, kyauta ake kira. Wadda ba ta iya karatu ba ta sa 'yarta ta rubuta mata waɗannan lambobi a bangon littafi: 305, 2442, da 622.

Yanzu na dawo gare ki, 'yar'uwata ta Kangire. Amsata ita ce kada ki ƙara ko naira ɗaya. Waccan 15,000 ta riga ta tafi, kuma sabon gwanjo bai san kin taɓa zuba komai ba. Daga farko za ki fara, daidai da wadda ta shigo yau. In kin ƙara 10,000, abin da ya fi kusa shi ne asararki ta zama 25,000. Garin neman gira kada a rasa ido. Ki yi istigfari, ki ɗauka kuɗin makaranta kika biya. Ki sa yaron ya goge shafin daga wayarsa, kada kuma ki tsine masa, ki zaunar da shi ki yi masa lissafin nan da muka yi, domin gobe abokinsa ma ya tsira. Shawarata kuma ki samu lokacin da ran maigida yake a sake ki gaya masa da bakinki. Faɗan yini ɗaya ya fi sauƙi a kan ya ji a bakin wani bayan wata uku.

Maganar keke kuwa, kada ki cire rai. Hanyar da iyayenmu suka bi tana nan. Adashi shi ma zubi ne na mutane da yawa ɗaya ta ɗauka, amma dubi bambancin: a adashi kowa tana da ranarta, abin da kika zuba shi za ki ɗauka, uwar adashi kun san gidanta kun san mijinta. In kina ajiye naira 2,000 duk mako, a mako 50 kin haɗa 100,000. Ko ki sa dillaliyarki ta gaske ta nemo miki keke na hannu mai lafiya, ki taya, ta ce albarka, ki ƙara, har ku daidaita, ba wanda ya karɓi kuɗin buɗe bakinki. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da keken nan ya shigo gidanki ta wannan hanya, ki aiko mana mu taya ki murna a wannan fili.

Ku kuma sauran 'yan'uwa, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, a gidan suna, a gidan biki, a makarantar dare. Wadda irin wannan ta taɓa faɗa mata, ta aiko mana da labarinta, za mu sakaya suna kamar yadda muka yi yau. Allah Ya tsare mana guminmu, Ya sa albarka a cikin 'yan sana'o'inmu, Ya raba mu da kwaɗayin da zai kai mu ga nadama. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.